BABI NA UKU: DAGA ƊAKIN HORO ZUWA FAGEN AIKI A HARKAR MANHAJAR KAMFANONI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi halin da mai koyon manhajar kamfanoni yake samun kansa a ciki bayan ya kammala horo, ya karɓi takardar shaida, sannan ya nemi shiga aikin girka manhajar a wani kamfani na zahiri. Za a ɗauki manhajar SAP a matsayin misali, saboda tana cikin waɗanda suka fi shahara a wannan fage, kuma tsarin horonta da na aikinta sanannu ne. Abin da babin yake son nunawa shi ne, horo yana koya wa ɗalibi manhajar ne a cikin kamfanin da aka riga aka share aka kintsa, alhali kuwa sharar da kintsawar su ne aikin da ake biyan kuɗi dominsa. Wanda bai gane wannan ba yakan daɗe riƙe da satifiket yana ɗora laifi a kan rashin sa'a ko rashin hanya.

3.1 Ma'anar Manhajar Kamfanoni

Abin da ake nufi da manhajar kamfanoni a nan shi ne babbar manhajar kwamfuta wadda take haɗa dukkan sassan kamfani a rumbun bayanai guda, wato sashen kuɗi da na saye da na sito da na sayarwa da na sarrafa kaya da na kula da ma'aikata. A duniyar kasuwanci an fi saninta da taƙaitaccen sunan ERP, wanda kamfanin bincike na Gartner ya fito da shi a shekarar 1990. Kafin zuwan irin wannan manhaja, kowane sashe da littafinsa. Mai kula da sito yana da nasa, akanta yana da nasa, sai ƙarshen wata a zauna ana ta ƙoƙarin daidaita su, wani lokaci har da cacar baki. Da manhajar kuwa, da zarar mai sito ya shigar da cewa ya karɓi buhu 200 na sukari, nan take adadin kayan sito ya ƙaru, nan take kuma lissafin kuɗi ya nuna darajar kayan, ba tare da akanta ya ɗaga alƙalami ba. Wannan haɗuwa ita ce amfanin manhajar, ita ce kuma haɗarinta, domin kuskuren mutum ɗaya a sito yana iya bayyana a cikin rahoton da za a miƙa wa odita.

Tsofaffin ma'aikatan IBM guda biyar ne suka kafa kamfanin SAP a ƙasar Jamus a shekarar 1972, hedkwatarsa kuma tana garin Walldorf. Manhajarsa mai suna R/3, wadda ta fito a 1992, ita ce ta yaɗa sunansa a duniya, sannan a 2015 ya fito da S/4HANA. An karkasa manhajar zuwa ɓangarori, kowanne da harufan da aka san shi da su: FI na lissafin kuɗi, MM na saye da sito, SD na sayarwa da rarraba kaya, PP na tsara aikin masana'anta, da sauransu. Akwai kuma ABAP, wato harshen da ake rubuta ƙarin umarni da shi. Galibi ɗalibi ɓangare ɗaya yake zaɓa ya yi horo a kansa.

3.2 Abin da Horo Yake Bayarwa

Horon irin wannan manhaja yakan ɗauki 'yan makonni ne ko 'yan watanni. A cikinsa ana ɗora ɗalibi a kan wani kamfani na ƙage wanda aka gina domin koyarwa kawai. SAP ya daɗe yana amfani da wanda ake kira IDES, jami'o'in da suke da yarjejeniya da shi kuma suna koyarwa da wani kamfanin kekuna na ƙage mai suna Global Bike. A cikin waɗannan kamfanoni komai a shirye yake. Masu kawo kaya suna da lambobinsu, kowane kaya yana da farashinsa da ma'auninsa, asusun lissafi duk a jere suke. Ɗalibi zai buɗe littafin darasi, a ce masa ya buga ME21N ya rubuta odar saye, ya buga MIGO ya karɓi kaya, ya buga MIRO ya shigar da takardar neman biya. Idan ya bi matakan daki-daki, sai saƙo ya fito a ƙasan allo cewa aiki ya shiga. Idan kuma ya ɓata, babu wanda ya yi asarar ko sisi, sai ya sake.

Ba za a raina wannan horo ba, domin ta nan ne ɗalibi yake sanin harshen manhajar da yadda sassanta suke riƙe da juna. To amma ya kamata a san iyakarsa. Idan aka dubi yadda ake koyon ɗinki a ƙasar Hausa za a ga misalin abin. Tela yakan fara ba yaron shagonsa takardar buhun siminti ya yi ta bi da keke har ƙafarsa ta saba, layinsa ya miƙe. Yaron da layinsa ya miƙe a kan takarda ya koyi keke, amma bai taɓa auna mutum mai tumbi ba, bai taɓa yanka shaddar da mai ita ya yi wata uku yana tara kuɗinta ba, bai kuma san abin da ake ce wa mai kaya ana jibi salla ba. Kamfanin ƙage takardar siminti ce.

Haka nan kuma jarrabawar da ake ba da takardar shaida a kanta. Shekaru da dama jarrabawar matakin farko ta SAP ta kasance tambayoyi 80 ne a cikin awa 3, irin waɗanda ake zaɓar amsa daga cikin jerin amsoshi. Irin wannan jarrabawa tana auna abin da mutum ya riƙe a ka, shi ya sa mai kaifin hadda yake iya cinye ta ko da bai taɓa shiga sito ba. Masu ɗaukar aiki sun san haka. Dalilin da ya sa ke nan tambayarsu ta farko takan kasance, aikin girkawa nawa mutum ya yi daga farkonsa har ƙarshensa.

3.3 Yadda Aikin Girkawa Yake

Aikin girkawa shi ne ɗaukar manhajar kamar yadda ta fito daga masu ita, a saita ta har ta dace da wani kamfani takamaimai, a kwashe bayanansa a zuba a ciki, a koya wa ma'aikatansa, sannan a kashe tsohon tsari a kunna sabo. Tsohuwar hanyar SAP da ake kira ASAP ta raba aikin zuwa matakai biyar: shiri, da zana taswirar yadda kamfani yake aiki, da ginawa, da shirin ƙarshe, da kunnawa tare da tallafi. A 2015 aka kawo sabuwar hanya mai suna SAP Activate, wadda a cikinta ake fara nuna wa kamfani yadda manhajar take aiki tun asali, sannan a tambaye shi inda hakan bai yi masa ba. Ko ta wace hanya aka bi, aiki ne na watanni, wani ma na shekaru, kuma mafi yawansa ba a gaban allon manhajar ake yin sa ba. A ɗakin taro ake yin sa, da cikin sito, da ofishin akanta.

3.3.1 Fahimtar Sana'ar Kamfani

Domin a ga inda horo yake tsayawa, a ɗauki misalin kamfanin da yake sayen riɗi a kasuwar Dawanau ta Kano yana gyarawa yana fitarwa ƙasashen waje. Abin da ɗalibin MM ya koya shi ne takardu uku ne dole su yi daidai kafin a biya kuɗi: odar saye, da shaidar karɓar kaya, da takardar neman biya daga mai kaya. A Dawanau kuwa wakilin kamfani yakan saya ne ta hannun dillali, farashin safe ba lalle ne ya kai la'asar ba, mai kaya ba ya rubuta wata takardar neman biya, kuma kuɗinsa yake so kafin a ɗora buhu a mota. Bayan an kai kayan an tankaɗe, an fitar da ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayi, nauyin da ya rage bai kai wanda aka biya kuɗinsa ba.

A nan tambayoyi suke tasowa waɗanda babu amsarsu a littafin darasi. Wa za a rubuta a matsayin mai kawo kaya, dillali ko ainihin mai riɗin? Kuɗin da aka danƙa wa wakili kafin ya saya, a wane asusu zai zauna, kuma yaushe zai tashi daga wuyansa? La'ada da kuɗin dako da na mota za a ɗora su a kan darajar kayan ne, ko za a rubuta su a matsayin kuɗin da aka kashe? Nauyin da ya ragu wajen tankaɗe, nawa ne daga cikinsa za a ɗauka a matsayin abin da aka saba, daga nawa ne kuma za a fara tuhumar wani? Kowace amsa tana canja ribar da kamfani zai nuna da harajin da zai biya. Manhajar tana iya ɗaukar kowace daga cikin amsoshin, amma ba za ta zaɓa wa kowa ba. Mai girkawa ne zai zauna da masu kamfani ya jawo amsar daga bakinsu, ya rubuta, su sa hannu.

Akwai kuma batun ma'auni. A kasuwa da buhu da tiya ake magana, mai saye na ƙasar waje kuma da tan da kilo yake lissafi, buhu kuwa ba nauyi ɗaya gare shi ba ko'ina. A manhajar SAP kowane kaya yana da ma'auni na tushe guda ɗaya wanda ake juya sauran zuwa gare shi, kuma da zarar an fara shigar da kaya da fitar da su, canja wannan ma'auni yakan zama babban aiki. Saboda haka ƙaramin gurbin da ɗalibi ya saba cikewa cikin daƙiƙa biyu a ɗakin horo, a fagen aiki shawara ce da za a zauna da ita shekaru.

Wani abin lura shi ne, mutane ba su cika faɗin yadda suke aiki ba, sun fi faɗin yadda ya kamata su yi. Manaja zai ce ba a fitar da kaya sai da takarda, alhali mai sito ya san cewa idan Alhaji ya bugo waya kaya suna fita, takarda ta biyo baya. Mai girkawar da ya tsaya a kan maganar manaja zai gina tsarin da zai tsaya cik a makon farko. Gano irin wannan yana bukatar zama da ƙananan ma'aikata da iya tambaya ba tare da an sa mutum ya ji ana bincikensa ba, kuma babu darasin da yake koyar da haka.

3.3.2 Kwashe Bayanai

Idan akwai wurin da sabon shiga yake fara gane bambancin horo da aiki, to wajen kwashe bayanai ne. Bayanan kamfani na gaske sun taru ne a hannun mutane daban-daban cikin shekaru masu yawa, wasu a tsohuwar manhaja, wasu a Excel, wasu a littattafai masu bangon kwali. Ɗan kasuwa ɗaya yana iya bayyana sau huɗu a jerin masu kawo kaya, nan an rubuta Muhammad, can Muhammadu, can Mohammed, can kuma Moh'd, kowanne da ragowar bashinsa. Wani an rubuta shi da sunan garinsu, wani wurin da laƙabinsa na kasuwa. Sunayen da suke da ɗ da ƙ da ɓ kuwa, wani magatakarda ya sa ƙugiya, wani ya sa ɗigo, wani ya bar su haka nan, kwamfuta kuma a wurinta kowanne suna ne dabam. Kafin a zuba komai a sabon tsari sai an tace wannan jeri, an tabbatar da wane ne wane, an kuma daidaita bashin kowa da abin da yake cikin littafin akanta har zuwa kwabo. Aiki ne mai gajiyarwa wanda manya ba su son yi, shi ya sa yakan faɗo a kan ƙarami.

Idan kamfanin yana da reshe a Maraɗi ko Damagaram, sai wani sabon babi ya buɗe. Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙasashen da suke bin tsarin lissafi na SYSCOHADA, wanda yake da nasa jerin asusu da lambobinsu, saboda haka jerin da ake amfani da shi a Kano ba zai wadatar a can ba. Daɗin daɗawa, kuɗin sefa ba a rubuta shi da ɗigo da lambobi biyu a bayansa kamar naira da kwabo. Manhajar SAP kuwa a cikin rumbunta tana ajiye irin wannan kuɗi ne kamar mai lambobi biyu bayan ɗigo, sai wajen nunawa ta juya shi. Wanda ya zuba bayanai ta hanyar da ta tsallake wannan juyi zai tarar kowane adadi ya kauce da ninki ɗari. Ko a baki ma akwai tarko. Jaka a bakin Bakano naira 200 ce, a bakin Bamaraɗe kuwa sefa 1,000 ce, haka kuma idan kashiya a Maraɗi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Mai tattara bayanan da bai san wannan ba zai rubuta abin da ya ji, ba abin da aka faɗa ba.

3.3.3 Tsari Uku, Izini da Gwaji

A ɗakin horo ɗalibi yana da tsari guda, kuma kusan kowace ƙofa a buɗe take gare shi. A wurin aiki an saba ajiye tsari uku: na ginawa, da na gwaji, da na ainihin aiki. Duk canjin da aka yi a na farko sai an ƙunshe shi a ƙarƙashin lamba, an tura shi na biyu an gwada, wanda yake da iko ya amince, sannan ya wuce na uku. Idan aka tura ƙunshi biyu a baibai, na baya ya riga na gaba, tsohon saiti yana iya danne sabo. Izini ma a rarrabe yake da gangan, ta yadda wanda ya buɗe wa mai kawo kaya lamba ba shi ne zai biya shi ba, domin toshe ƙofar sata. Sabon shiga yakan ɗauki waɗannan ƙa'idoji a matsayin ɓata lokaci, har sai ranar da ya ga canji ɗaya ya hana dukkan rassa buga rasit.

Gwajin kansa ya bambanta da na aji. A aji ana gwada hanyar da komai yake tafiya daidai ne. A aiki abin da ake nema shi ne inda za ta karye: mai saye ya dawo da rabin kaya, an karɓi kaya a watan Maris takardar kuɗi ta zo a Afrilu, ko doka ta canja a tsakiyar ciniki. Alal misali, a ranar 1 ga Fabrairu, 2020, harajin VAT a Nijeriya ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 7.5. Sanya sabon adadin abu ne mai sauƙi. Wahalar tana ga odar da aka rubuta a Janairu aka kai kayanta a Fabrairu, da kayan da aka sayar da tsohon haraji aka dawo da su bayan sabon ya fara aiki.

3.3.4 Lokaci da Mutane

Tarihin wannan fage cike yake da ayyukan da suka lalace a hannun ƙwararru masu takardun shaida, kuma idan aka bincika ba a cika samun laifin a rashin sanin manhaja ba. A 1999 kamfanin cakulan na Hershey da ke Amurka ya kunna sabon tsarin da ya ci kimanin dala miliyan 112, wanda ya haɗa R/3 da manhajojin wasu kamfanoni biyu. An matse aikin da aka yi wa kirdadon wata 48 zuwa wata 30, aka kuma kunna shi a watan Yuli, daidai lokacin da oda take kwararowa domin bikin Halowin, wanda a cikinsa ake cinikin alewa sosai a ƙasar. Kaya suna jibge a sito amma aka kasa kai odar da ta kai ta kimanin dala miliyan 100. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai girka wa kamfanin yadi tsari, in ya san kasuwa, ba zai sa ranar kunnawa a goman ƙarshe na azumi ba.

Kamfanin kantuna na Lidl da ke Jamus kuwa ya fara nasa aikin a 2011 ya watsar da shi a 2018, bayan an kashe kuɗin da aka ƙiyasta sun kai yuro miliyan 500. Cikin dalilan da aka bayyana har da cewa Lidl yana lissafin darajar kayansa da farashin da ya saya ne, manhajar kuma an gina ta ne a kan farashin sayarwa. Kamfanin bai yarda ya canja al'adarsa ba, sai aka yi ta lanƙwasa manhajar har aikin ya fi ƙarfin kowa. Wannan shi ne babban hukuncin da yake gaban mai girkawa kullum, wato sanin inda za a lanƙwasa manhaja da inda za a roƙi kamfani ya canja hali.

A Nijeriya ma an ga irin wannan a tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2007 domin tattara albashin ma'aikatanta wuri guda da kawar da ma'aikatan bogi. Da aka zo shigar da jami'o'i sai ƙungiyar malamai ta ASUU ta ƙi, tana cewa tsarin bai yi la'akari da yanayin aikin jami'a ba, kamar malamin da ya tafi hutun bincike na shekara a wata jami'a, da malami mai ziyara, da na wucin gadi, da farfesan da shekarun ritayarsa 70 ne. Ƙungiyar ta fito da nata tsarin mai suna UTAS, batun kuma yana cikin abubuwan da aka yi ta ja-in-ja a kansu a yajin aikin 2020 da na 2022, kowanne na watanni da dama. A Disambar 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da cire manyan makarantu daga IPPIS. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, abin da ya fito fili shi ne rikicin na iko ne da yarda da yanayin aiki, ɗalibai kuma su ne suka biya da zaman gida.

3.4 Ƙofofin Shiga Aiki

Matsalar sabon mai satifiket a bayyane take: ba a ɗaukarsa sai ya taɓa yin aiki, ba zai kuma taɓa yin aiki ba sai an ɗauke shi. Wasu sukan nemi tsallake wannan ta hanyar rubuta ayyukan da ba su yi ba a takardar neman aiki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, domin wanda ya yi aikin gaske ba ya tambayar lambar da ake bugawa a rubuta oda. Tambayarsa ita ce me ya lalace a daren kunnawa, wa aka kira, yaya aka daidaita ragowar kayan sito da abin da aka ƙirga da hannu. Wanda ya kwana a wurin yana da labari, wanda bai kwana ba sai kame-kame. Ko ya tsallake ganawar ma, ɓarnar da zai yi a dukiyar mutane ta fi ƙarfin albashinsa.

Hanyoyin da suka fi inganci ƙanana ne, kuma ba su da kwarjini. Ta farko ita ce aikin tallafi, wato amsa koke-koken ma'aikata a kamfanin da ya riga ya kunna tsarinsa. A nan mutum yake ganin saitin da wasu suka yi, ya bi diddigin kuskure daga saƙon da ya fito a allo har zuwa tushensa, ya kuma ɗanɗani matsin rufe lissafin ƙarshen wata. Shekara guda a wannan kujera tana koyar da abin da kwas uku ba su koyar ba. Sai kuma shiga ayarin girkawa a matsayin ƙarami, a riƙa rubuta bayanin taro, da tace bayanai, da gudanar da gwaji, da shirya takardun koyar da ma'aikata. Wanda ya rubuta bayanin taro ashirin ya ji yadda babba yake tambaya, da yadda yake cewa a'a ba tare da ya ɓata wa mai kamfani rai ba. Wannan shi ne zaman yaron shago, guga da sa maɓalli kafin a miƙa masa almakashi.

Hanyar da ba a cika lura da ita ba ita ce ta cikin gida. Duk aikin girkawa yana bukatar a zaɓo wasu daga ma'aikatan kamfanin su wakilci sassansu, su bayyana yadda ake aiki, su gwada abin da aka gina, su kuma koya wa abokan aikinsu. Akantan da ya shekara biyar yana rufe lissafi, ko mai siton da ya san kowane lungu na kayansa, idan ya yi wannan wakilci sannan ya ƙara da horo, ya fi wanda ya fito daga makaranta kai tsaye kusa da zama ƙwararre. Dalili kuwa shi ne koya wa akanta manhaja ya fi sauƙi a kan koya wa mai manhaja akanta. Bisa wannan, zaɓen ɓangaren da za a yi horo a kansa ya kamata ya bi abin da mutum ya riga ya sani, ba jita-jitar wanda ya fi kawo kuɗi ba. Ga ɗaliban da suke makaranta kuwa, shirin SIWES da hukumar ITF ta kafa a 1973 dama ce, in har ɗalibi ya nemi a ajiye shi a sito ko sashen saye ko na kuɗi, maimakon ya yi watanninsa yana cike littafin rahoto da abin da bai gani ba.

Lokaci ma yana da tasiri. A 2020 SAP ya sanar cewa zai ci gaba da kula da tsohuwar manhajarsa ta ECC a bisa tsarin da aka saba har zuwa ƙarshen 2027, da damar ƙari zuwa 2030 ga wanda ya biya ƙarin kuɗi. Kowane kamfani da zai ƙaura zuwa S/4HANA yana bukatar hannaye da yawa wajen tace bayanai da gwaji, waɗanda su ne ayyukan da ake ba ƙarami.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya shafi mai jin Hausa kai tsaye. Allon manhajar da takardun horonta da Ingilishi suke zuwa, ko da Faransanci a Nijar, amma da yawa daga cikin waɗanda za su riƙa shigar da bayanai a sito da wurin awo da bakin ƙofa da Hausa suke aiki. Idan mai awo bai gane dalilin da ya sa dole ya shigar da nauyi kafin mota ta wuce ba, zai rubuta a takarda ya bari sai yamma, kafin yamma kuwa an riga an sayar da kayan da tsari bai san sun iso ba. Ƙaramin ma'aikacin da zai iya tsayawa da shi a bakin sikeli ya bayyana masa cikin Hausa inda lambar take zuwa da wanda take shafa, sannan ya koma ɗakin taro ya faɗa wa shugaban aiki cewa kwamfutar wurin awo tana nesa da sikeli da taku hamsin kuma ba ta da wuta rabin yini, ya kawo abin da ayarin ba shi da shi. Irin wannan rahoto ne yake sa a matsar da kwamfuta, ko a canja matakin aikin, tun kafin ranar kunnawa.